Tulun Fure da Wutar Kwana Biyar: Littafin Aikina a Shigaraki

Asabar, 14 ga Satumba

Yau dai Malam, maginin tukwanen da nake koyo a wurinsa, ya amince. Wata biyar ke nan ina sintiri duk ƙarshen mako: in taso daga Kiyoto, in sauka Kibukawa, in hau ɗan ƙaramin jirgin ƙasan nan da yake kutsawa cikin duwatsu har Shigaraki, garin maginan tukwane a Japan, kuma ba abin da nake taɓawa a gidan sai tsintsiya da bokiti da buhunan yumɓu. Bayan shayin la'asar ya ajiye kofinsa ya ce in gina tulun fure goma sha biyu, zai ba ni gurbi a gashin ƙarshen Nuwamba. Wanda ya fito lafiya nawa ne. A nan sensei ake ce masa, ni kuwa a cikin littafin nan Malam zan riƙa cewa.

Abin da nake kira tulun fure, su hanaire suke ce masa. Ba irin kwalbar da ake cusa wa furanni dami guda ba ce. Reshe ɗaya ko biyu ake sa masa, a ajiye shi a tokonoma, wato ɗan lungun da ake warewa a ɗakin baƙi ko ɗakin shan shayi, inda ake rataye rubutu. Irin wanda muke yi a nan ba a shafa masa komai kafin gashi. Duk launin da za a gani a jikinsa, ƙasa ce da wuta da tokar itace suka ba shi.

Kakata maginiya ce. Na tashi ina ganin ana jera tukwane a matoya, a lulluɓe su da kara da ciyawa, a cinna wuta da yamma, kafin gari ya waye an kwashe. Da wannan idon na zo, shi ya sa ranar da aka ce mini wutar nan kwana biyar take ci ba dare ba rana, sai da na sake tambaya. Zan riƙa rubuta abin da ya gudana daga yau har ranar da na sa fure a cikin abin da hannuna ya gina.

Asabar, 28 ga Satumba

Mako biyu a kan yumɓu kaɗai. Na Shigaraki ba shi da laushi. Cike yake da ƙananan fararen tsakuwa, in ka matse shi a kan faifan juyi sai ka ji yana kankare maka tafin hannu. Na ɗauka za a tankaɗe su a zubar. Malam ya ce ko kusa, su ne garin. A cikin wuta wasu narkewa suke yi su fito kamar ƙwayar farar shinkafa a jikin tulu, wasu su ƙi narkewa su fasa fatar su leƙo, abin da ake kira ishihaze.

Asalin ƙasar tsohon gindin tafki ne. Tafkin Biwa, wanda ya fi kowane girma a Japan, ba a inda yake yanzu ya soma ba. Shekaru wajen miliyan 4 da suka wuce can wajen Iga yake, ya yi ta matsawa arewa yana barin laka a bayansa. Shi ya sa Shigaraki ta jihar Shiga da Iga ta jihar Mie, waɗanda dutse ne kawai ya raba su, suke cin ƙasa kusan iri ɗaya.

Kwaɓin da ake yi kafin gini sunansa kikuneri. Ana dannawa da gindin tafin hannu ana juyawa kaɗan-kaɗan, har curin ya yi ninki-ninki kamar furen kiku, iskar da ta maƙale a ciki ta fice. Malam yana yi yana hira. Nawa har yau in an yanka da zare ana ganin ramukan iska, don haka kowane curi sau biyu nake yi masa.

Asabar, 5 ga Oktoba

Na gina biyar. Gindin a kan faifai, sauran kuwa murza yumɓu nake kamar igiya ina ɗorawa zagaye-zagaye, in haɗe da yatsa. Nan hannuna ya tuna gida, domin ba shi da nisa da yadda kaka take tayar da wuyan randa.

Da rana uwargidan Malam ta ɗauko wani ƙaramin tsohon tulu daga cikin akwatin katako. Gajere ne, mai faɗin gindi, kamar mutum ya tsuguna, kuma sunansa ke nan, uzukumaru. Ta ce irinsa manoma suke zuba iri ko ganyen shayi a zamanin da. Masu shan shayi na al'ada ne suka gan shi a gidajen ƙauye, suka huda masa rami a baya, suka rataye shi a ginshiƙi da fure ɗaya a ciki. Abin ya daɗe. Murata Juko, malamin shan shayi na al'ada wanda ya rasu a 1502, har wasiƙa ya rubuta wa almajirinsa yana kokawa da sababbin shiga da suke rububin tukwanen garin Bizen da na Shigaraki tun idonsu bai nuna ba. Wato shekara ɗari biyar da suka wuce tukwanen talakawan nan sun riga sun shiga ɗakunan manya.

Biyu daga cikin nawa na yi musu kunnuwa. Malam ya duba ya yi murmushi, ya faɗi maganar da kowa yake faɗi a nan: Iga tana da kunne, Shigaraki ba ta da shi. Tulunan Iga na zamanin Furuta Oribe, malamin shan shayi wanda ya rasu a 1615, su ne masu kunnuwa, masu karkatacciyar kafaɗa da zane mai zurfi da aka tsaga da wuƙar gora. Su suka fara ja na zuwa ga wannan sana'a. Bai hana ni ba.

Asabar, 12 ga Oktoba

Sha biyu sun cika. Malam ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yana ɗagawa yana zura yatsa a baki. Ya ware uku ya ce in mayar cikin bokitin jiƙo.

Na ce, "Malam, wannan na tsakiyar ai shi na fi wahala a kansa."

Ya ce, "Na gani. Shi ya sa ba wurin fure a jikinsa. Ka cika shi da kanka."

Na lanƙwasa shi, na tsaga shi, na dannan masa ciki, duk don ya yi kama da na Iga da na gani a hoto. Gaskiyarsa ce. Saura tara.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Na je Imbe, a jihar Okayama, bikin tukwanen Bizen da ake yi Asabar da Lahadi na uku na Oktoba. Tun daga tasha ake hango dogayen bututun hayaƙi na jan bulo sun tsaya a tsakanin gidaje, ga damman itace an jibge a gindin katanga.

Bizen da Shigaraki suna cikin tsofaffin matoya shida da masanin tukwane Koyama Fujio ya haɗa a suna ɗaya wajen 1948, tare da Seto da Tokoname da Echizen da Tamba. Amma da ka riƙe na Bizen ka san wata ƙasa ce. Yumɓunsu, hiyose, daga ƙarƙashin gonakin shinkafa ake haƙo shi, mai laushi ne, mai yawan ƙarfe, ba ya son a gaggauta masa zafi, shi ya sa gashinsu yake kai kwana goma har mako biyu. Yana fita ja mai duhu, wani kamar hanta. Na ga mai ɗigo-ɗigon toka da suke kira goma, ma'ana riɗi, kuma da riɗin yake kama. Na ga hidasuki, wanda ake naɗe shi da karan shinkafa kafin gashi, karan ya ƙone ya bar jajayen layuka a kan fatar da ta yi haske.

Wani dattijo mai rumfa ya ce mini garin ya taɓa komawa gina bututun magudanar ruwa da bulo, har magini Kaneshige Toyo ya koma bin sawun kayan shayi na zamanin Momoyama, wato ƙarshen ƙarni na 16. A 1956 gwamnati ta sa shi cikin waɗanda ake kira taskar ƙasa mai rai, shi ne na farko daga Bizen. Bayansa aka yi Fujiwara Kei, da Yamamoto Toshu, da Fujiwara Yu, da Isezaki Jun a 2004. Kowane mai rumfa kuma sai ya gaya maka ruwa ba ya saurin lalacewa a tulun Bizen, fure ya fi daɗewa. Na sayi ƙarami guda, zan gwada da kaina.

Abin da na dawo da shi a kai shi ne bakin tulunan. Na masu hannu sosai duk bakinsu a natse yake, ba ya jayayya da abin da za a sa masa.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Itace. Yini guda cur da gatari. Akamatsu ake ƙonawa, wani jan itace mai ƙaro, harshen wutarsa dogo ne, yana iya ratsa tanderun daga baki har bututu, tokarsa kuma in ta narke kore take bayarwa. Wanda muke faskarawa yau na baɗi ne. Na bana ya shekara a rumfa yana bushewa, dami ɗari uku da 'yan kai, kowane an ɗaure shi da waya. Malam ya ce samunsa yana ƙara wuya, saboda cutar da take busar da irin itacen nan ta ci dazuzzuka da yawa, masu sara kuma sun tsufa.

Girman faskare ma da lissafinsa. Manya na riƙe zafi ne, sirara kamar damtsen yaro na tayar da shi da sauri. Aka nuna mini in jera su daban-daban, yadda mai aikin dare zai laluba ya samu ba sai ya kunna fitila ba.

Da muka zauna hutawa na ciro takardar naira ashirin da nake ajiye da ita a jaka, na nuna musu Ladi Kwali tana gina tulu. Na ba su labarin yadda ta shiga makarantar tukwane ta Abuja, garin da ake kira Suleja yanzu, a 1954, wadda Michael Cardew ya kafa, kuma da itace suke gashi a can. Malam ya san sunan Cardew, domin almajirin Bernard Leach ne, maginin tukwane ɗan Ingila, shi kuwa Leach tare da maginin Japan Hamada Shoji suka tafi Ingila a 1920 suka gina tanderu irin na Japan a St Ives. Uwargida ta karɓi takardar ta daɗe tana kallo. Ta ce ba ta taɓa ganin ƙasar da ta sa maginiya a kuɗinta ba. Na bar mata ita.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Biyu sun tsage a gindi wajen bushewa. Na bar gindin da kauri fiye da jikin, sai jikin ya riga shi bushewa ya ja. Saura bakwai: mai kunne ɗaya, dogaye uku, gajeru biyu, da na rataye ɗaya. Sanyi ya fara sauka, da dare muna shigar da kayan ciki don kada raɓar da ta rage a jikinsu ta daskare.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Kwana biyu muna jeri, kuma in da zan zaɓi abu ɗaya da na koya tun zuwana, wannan ne.

Tanderun anagama ne, ma'ana tanderun rami. Ɗaki ɗaya ne dogo, kwance a jikin tudu yana hawa, wuta a ƙasa, bututu a sama, ba katanga tsakanin itace da kaya. Daga Koriya fasaharsa ta shigo Japan a ƙarni na 5. Daga baya noborigama mai ɗakuna da yawa ya ture shi, don ya fi cin kaya ya fi sauƙin itace, har aka kusa mantawa da shi a Shigaraki. Wajen 1970 ne irin su Furutani Michio suka sake gina shi suna neman launin tsofaffin tuluna. Akwai kuma Koyama Kiyoko, wadda ta rasu a 2023, macen da ta dage a kan ƙyallin toka a lokacin da ake ganin bakin tanderu ba wurin mata ba ne. Na Malam tsawonsa ya kai taku shida, a ciki ba a miƙewa, da rarrafe ake shiga.

Kafin in zo, abin da nake ji kullum shi ne wuta ce take yin komai, magini ya sa kaya ne kawai ya jira rabonsa. Wanda ya faɗi haka bai ga jeri ba. Malam yana ɗaukar tulu ɗaya ya yi minti goma yana juya shi a hannu, ya ajiye, ya ja baya, ya ɗan karkata shi da faɗin yatsa. Ya ce in ɗauki wuta kamar ruwan kogi: tana shiga ta baki, tana neman hanya, in ta sami dutse ta rabu biyu ta haɗe a bayansa. Fuskar da ta kalli wuta ita za ta sha toka. Bayan kuwa, inda harshen ya lasa ya wuce, nan jan launin hi-iro yake fitowa. In ka sa ƙaramin kofi a gaban babban tulu, ka yi masa inuwa, wurin zai fito da da'ira mai haske. Duk wannan da hannu ake tsara shi, tun ba a ƙyasta ashana ba.

Kowane tulu ana ɗora shi a kan 'yan curin yumɓu mai jure wuta, guda uku ko biyar, don kada narkakkiyar toka ta manne shi da allo. Wanda za a kwantar kuma a kan ɓawon katantanwar teku ake ɗora shi, ɓawon ya ƙone ya bar tambarinsa.

Ya ba ni zaɓi a kan nawa. Na ce mai kunnen a kai shi gaba, dab da inda itace yake faɗawa, inda garwashi yake binne kaya su fito da ƙuna baƙi-baƙi, koge. Ya ce wurin yana bayarwa, yana kuma karɓa. Na ce na yarda. Dogaye biyu a allon farko, gajeru biyu a tsakiya, na rataye a kwance a kan ɓawo. Dogo na ukun, wanda ban yi masa ado ko ɗaya ba, kuma ban damu da shi ba, Malam da kansa ya ɗauka ya kai shi baya, ya sa a gefen wata babbar randa tasa. Muka toshe ƙofa da bulo, muka bar bakin zuba itace da ramin iska a ƙasa.

Laraba, 27 ga Nuwamba

An kunna da hantsi. Malam ya ajiye gishiri da ɗan kofin giyar shinkafa, wato sake, a saman bakin tanderu, ya tafa hannu ya sunkuya, kamar yadda suka gada. Tun tuni ya san ni Musulmi ne, bai taɓa neman in sa hannu a wannan ba. Na tsaya gefe, da aka miƙo mini itacen farko na yi bisimilla na sa.

Wutar yau ƙarama ce, a bakin ramin ƙasa, kamar ta dafa shayi. Aburi ake ce wa wannan mataki. So ake a kori sauran danshi a hankali, in an yi gaggawa tururi ya fasa kaya. Mu huɗu ne, an raba mu awa shida-shida. Nawa daga sha biyun dare zuwa shida na safe.

Alhamis, 28 ga Nuwamba

Mun wuce digiri 573 na Celsius a hankali, inda tsakuwar cikin yumɓu take kumbura farat ɗaya. Da asuba ma'auni ya nuna 900. Ciki ya yi ja kamar gauta, ana ganin inuwar tuluna a tsaye.

Asabar, 30 ga Nuwamba, bayan sallar asuba

Daren jiya na yi kuskure, gara in rubuta shi tun yana da zafi.

Na karɓi aiki a 1,180. Ƙa'idar ita ce a zuba itace biyar ko shida, a rufe. Zafi zai faɗi, baƙin hayaƙi ya turnuƙe, harshen wuta ya fito ta bututu kamar tsayin mutum. Sai a jira. In harshen ya koma ciki, rurin da tanderu yake yi ya lafa, zafin zai hau ya wuce inda yake a da. Sannan a ƙara. Wajen ƙarfe biyu sai ma'auni ya tsaya cak. Na zuba, bai motsa ba. Na ƙara yawan itacen, na rage jira. Ya sauka 1,150. Na ƙara. Kafin ƙarfe uku yana 1,120, gabana yana faɗuwa, kwana uku na wahalar mutane a hannuna.

Na je na ta da Malam. Ya fito da bargo a kafaɗa, bai ko kalli ma'aunin ba. Ya tsuguna ya leƙa ramin ƙasa, ya ce, "Ka shaƙe shi. Ba yunwa yake ji ba, numfashi yake nema." Garwashi ya taru ya toshe hanyar iska. Ya zura sandar ƙarfe ya buɗe, ya baje tarin, ya ce kada in sa ko tsinke sai ya ce. Muka zauna shiru kusan minti ashirin. Ina jin sautin ya sauya, daga gurnani mai nauyi ya koma wani siririn huci. Sai ya miƙo mini sirara guda uku. Kafin in tafi alwala mun koma 1,200.

Bai yi faɗa ba. Ya ce ma'auni wuri ɗaya kawai yake gani a cikin tanderu, kunne kuwa yana jin dukkansa, in riƙa rufe allon ma'aunin da hula ina gwada kaina.

A cikin wannan rububin ne wani faskare da na jefa da ƙarfi ya bugi mai kunnen. Na gan shi ya kwanta cikin garwashi.

Lahadi, 1 ga Disamba

Kwana biyu muna riƙe da shi tsakanin 1,230 da 1,250. A nan ba hawa ake nema ba, daɗewa ake nema, don toka ta sauka, ta narke, wata ta sake sauka a kanta. Lokaci-lokaci ana motsa garwashi da sanda, tokar ta tashi ta bi iska. In an buɗe baki ba a iya kallon ciki sai da baƙin gilashi, fari ne fat, tulunan suna sheƙi kamar an jiƙa su. Malam ya zaro wani ɗan zoben gwaji da ƙugiya, ya jefa a ruwa, muka ga kore ya kwanta a jikinsa sumul. Da la'asar ya cika bakin da itace, muka toshe ko'ina da bulo da laka. Dami goma sha ɗaya suka rage. Girata ta ƙone gefe guda, tufafina duk ƙaurin ƙaro.

Lahadi, 8 ga Disamba

Mako guda yana hucewa, amma da muka fasa ƙofa bulon da ɗumi. Malam ya hana a taɓa komai sai da ya ɗauki hoton kowane layi, ya zana a littafinsa. Littattafan nan sun fi talatin a kan kanta, kowane gashi da nasa.

Ga yadda nawa suka fito. Ɗaya daga dogayen gaba toka ta kwarara ta wuce curin ta manne shi da allo, wajen cirewa gindin ya ɓalle. Ɗayan ya yi kyau: kore ya gangaro daga kafaɗa ya tsaya a ɗigo ɗaya mai kauri kamar hawaye. Wannan gilashin biidoro suke ce masa, daga kalmar Fotugal ta gilashi. Gajerun biyu tokarsu ba ta gama narkewa ba, sun fito da ƙaiƙayi, launin ƙasa-ƙasa, Malam ya ce a ajiye su a sake sa su a gashi na gaba. Na rataye ya fito da tambarin ɓawo uku a jikinsa, lafiya lau.

Mai kunnen na tono shi daga cikin toka. Kunne ɗaya ya tafi. Gefen da ya kwanta baƙi ne mai ƙyalli kamar an yi masa ƙuna da gangan, ɗaya gefen toka-toka da shuɗi-shuɗi, ga tsaga daga baki har kusan ciki. Na daɗe ina riƙe da shi.

Na bayan kuwa, wanda Malam ya ajiye, ba toka a jikinsa sai 'yar kaɗan a baki. Ja ne mai taushi kamar bayan faɗuwar rana, fararen tsakuwa sun fito masa, kuma gefen da randar ta kare ya bar wani haske mai siffar wata. Na tambaye shi ko ya san haka zai fito. Ya ce bai san launin ba, amma ya san inda wutar za ta bi.

Asabar, 14 ga Disamba

Gyara da gwajin ruwa. Na goge gindi da dutsen washi don kada ya karce katako, na kankare ragowar curi, na wanke, na cika kowane da ruwa na ɗora a kan takarda ya kwana. A gida randa ana son ta da gumi, shi yake sanyaya ruwa. Nan kuwa tulun da zai zauna a kan tabarmar tatami ko katako mai tsada, ɗigo ɗaya aibi ne. Na jan da mai hawaye takardarsu a bushe. Na rataye ya ɗan jiƙa, uwargida ta ce a dafa ruwan shinkafa mai kauri a zuba masa ya kwana, zai toshe ƙofofin. Mai kunnen yoyo yake sosai. Na ɗauka nasa ya ƙare, sai ta kawo guntun gora da aka yanke a gaɓa, otoshi, ta zura a ciki. Ruwan a gorar zai zauna.

Ƙaramin na Bizen da na saya, na sa masa reshe tare da wani a kofin gilashi. Nasa ya fi na gilashin daɗewa da kwana biyu. Gwaji ɗaya ne, zan maimaita.

Asabar, 21 ga Disamba

Da safe uwargida ta fita bayan gida da almakashi ta dawo da reshen tsubaki, wato camellia, fure ɗaya fari da bai gama buɗewa ba, da ganye biyar. Ta cire biyu. Kafin ta sa, ta tsoma tsumma a ruwa ta shafe jikin jan tulun, nan take launin ya farka, tsakuwar suka yi ƙyalli. Ta ce koyarwar babban malamin shan shayi Sen no Rikyu ce fure ya zauna kamar yadda yake a daji, don haka ba a yi masa dabara da yawa. Sau ɗaya ta sa shi ta janye hannu. Reshen ya jingina da bakin ya karkata hagu, daidai saman wurin da ya yi haske.

Muka gwada shi a mai hawaye, ya yi kyau, amma ido yana kan ɗigon, ba ya kan furen. A mai kunnen ta ce ba tsubaki yake so ba, a jira busasshen reshe ko ciyawar kaka.

Malam ya sa gashi na gaba a watan Afrilu. Ya ce wannan karon ashirin zan gina, kuma ni zan jera layin baya da kaina, shi yana kallo. Na auna bakin jan tulun, santimita uku da rabi bayan gashi, wato sai in buɗe shi kusan huɗu yana ɗanye. Gajerun biyu suna kan kanta suna jiran komawa wuta. Gobe akwai itacen da za a kwaso daga gindin dutse kafin ƙanƙara ta rufe hanya, an ce mu fito da ƙarfe bakwai.